Hular Yaya Audu

Shekarar da China ta karɓi gasar Olamfik ina Guangzhou, ina sana'ata ta kayan makaranta. Riguna, wanduna, siket, safa, huluna, duk abin da makarantun kuɗi na Kano da Maraɗi suka aiko mini da samfurinsa sai in kai kasuwar Canaan a ɗinka, in cika kwantena, a loda a tashar jirgin ruwa ta Huangpu. To ni ɗin nan mai tufatar da 'ya'yan mutane, ni ce ɗana ya dawo gida ran wata Laraba ya ce an raba hula a ajinsu shi bai samu ba.

Sadik shekararsa tara a lokacin. Yana firamaren unguwarmu, shi kaɗai ne baƙar fata a ajin, kuma yaren mutanen garin ya fi Hausa gudu a bakinsa. An zaɓi ajinsu su tsaya a bakin titi ranar da za a wuce da wutar gasar ta cikin gari, kowane yaro da farar riga da jar hula da 'yar tuta a hannu. Makonni uku suna koyon waƙar da za su yi, har ni na haddace ta ban san ma'anarta ba. Da aka zo kansa wajen rabo, sai malama ta ce meyo, wato babu, sun ƙare. Ta ƙara da cewa ranar za a yi rana da cunkoso, in ya ga dama ya huta a gida.

Na ce, "Ku nawa ne a ajin?"

"Arba'in da shida."

"Huluna nawa aka kawo?"

"Arba'in da biyar."

Na yi tsaki har sai da ya ɗago kai. Mutanen da za su ƙirga maka maɓallin riga dubu goma ba su ɓata ɗaya ba, yau su ne lissafin arba'in da shida ya gagara? Raina ya ɓaci sosai. Amma abin da ya faɗo mini a lokacin ba fuskar malamar ba ce. Ƙamshin dankali ne a cikin toka, da muryar Inna Jamus.

Kakata ce ta wajen uba. Sunanta Hajara, amma ka zagaye Fagge kaf kana tambayar gidan Hajara ba mai nuna maka, sai ka ce Inna Jamus. Gajeriya ce mai faɗan tsiya, ba ta tsoron kowa, har mai unguwa yakan canza hanya in ya hango ta. Lokacin sanyi, in an idar da magariba an sauke tuwo, ba ta yarda a kashe murhu. Sai ta tura dankalin Turawa cikin toka, ta jawo kujerarta, mu jikoki mu kewaye ta muna rawar ɗari.

"Wannan ne sanyi?" in ji ta. "Ku ji shagwaɓa. Ni na zauna garin da in ka shanya wando ka dawo ka tarar ya sandare, ka ajiye shi ya tsaya da ƙafarsa."

Mu ce, "Kai Inna, ƙarya!" Ta yi mana daƙuwa da hannu bibbiyu.

Tana da tatsuniyoyi irin na kowace tsohuwa, na kura da na 'yan mata masu zuwa rafi. Amma wanda muke so, wanda ba ma gajiya da shi, ba ta fara shi sai ta aiki ɗayanmu ɗakinta ya ɗauko wata tsohuwar kwalla shuɗiya. Ta ɗora ta a cinya, ta buɗe murfin, ta ce, "Ku matso. Wannan ba ƙagagge ba ne, da idona na gani." A cikin kwallar, a naɗe da farin ƙyalle, hula ce koriya irin wadda muke kira hana-salla, mai baƙin baki a gaba da farin zare zagaye da ita. Asu ya ɗan taɓa gefe ɗaya. A tsakiyar kanta kuma an ɗinka ɗan dagi da zaren hannu, irin wanda ake yi a hular malamai.

Ubanta, wanda take kira Malam, mutumin zangon Lome ne. Wani Bajamushe da ya san shi tun zamanin mulkinsu a can ya tafi da shi Hamburg bayan yaƙin duniya na farko, don ya riƙa faɗa wa ɗalibai Hausa suna rubutawa. Malam ya ce ba inda za shi ba iyalinsa. A can aka haifi Inna, a can kuma yayanta Audu ya shiga makaranta.

A nan Inna takan daɗe, don tana jin daɗin ba mu mamaki. Ta ce makarantun Jamus ba su da yunifom irin namu, kowane yaro da abin da uwarsa ta iya sa masa. Amma duk da haka in ka gan su sai ka ce uwa ɗaya ta shirya su. Riga irin ta ma'aikatan jirgin ruwa, mai faffaɗan wuya da ya faɗo a gadon baya. Jakar fata a goye, da ɗan soson goge allo yana reto a gefe. Sai gajeren wando, rani da damina, ko da ƙanƙara na zuba.

"Gajeren wando a wannan sanyin?"

"To, ka ji dai. Yaro ba ya ganin dogon wando sai ya fara gemu. Sai su sa masa doguwar safa ta ulu har cinya, a maƙale ta da maɓalli a jikin wata 'yar shara da ke ciki, don kada ta zame. Ƙaiƙayi kuwa? Yaya Audu in ya dawo, susa yake kamar mai ƙazuwa."

Ta ce ranar da Malam ya fara ganin ɗansa a haka, salati ya yi ta yi. Ɗan malami, jikan malami, gwiwa a waje kamar ɗan dambe. Ya ɗinka masa dogon wando, yara suka yi ta yi masa dariya a hanya, har Malam ya haƙura ya sa almakashi da hannunsa.

Duk wannan wasa ne. Maganar tana ga hula. Yaron da ya ci jarrabawa ya shiga babbar makaranta, shi ke sa hula, kuma kowane aji da launinsa. In sanyi ya fita aka ba da sakamako, wanda ya wuce sai ya ruga shagon mai huluna da takardarsa a hannu, ya fito da launin sabon ajinsa. Wanda ya faɗi kuwa shekara guda zai yi yana yawo da tsohuwar hularsa, mai burodi ya sani, direban tarago ya sani, tsohuwar da ke leƙe ta taga ma ta sani. Yaya Audu ya sa shuɗiya, ya sa ja. Shekarar da zai sa koriya ita ce shekarar da mutumin nan mai guntun gashin baki ya hau mulki. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ta zo nan sai ta tofar da yawu a toka.

Audu ya ci jarrabawa, na uku a ajinsu. Ya riƙo hannun Inna, tana 'yar shekara shida, suka tafi shagon da ya saba zuwa. Mai shagon ya san shi sarai, shi ya auna masa kai har sau biyu. Ya dubi takardar, ya dubi yaran da ke layi a baya, ya ce koriya ta ƙare.

"Ina tsaye ina ganinsu," in ji Inna, tana nuna sama da tsinken tonon dankali. "Jere a kan kanta, sun fi ashirin. Na ce, Yaya, ga su can. Ya matse mini hannu har na yi ƙara."

Suka zagaya wasu shaguna biyu, duk labarin ɗaya. Audu ya dawo gida ya zauna a bakin gado da jar hularsa a hannu. In ya sa ta gobe, duk gari zai ɗauka ya faɗi. In ya tafi ba hula, ya zama kamar ba ɗan makarantar ba. In ya zauna a gida, shi ke nan an huta da shi.

Abin da mai shagon bai sani ba shi ne, Malam tun yana yaro a gaban malaminsa da ɗinkin hula yake ci da kansa. Ya sa rigar sanyinsa, ya je ya tsaya a gaban gilashin shagon, hannu a baya, ya yi ta kallo har mai shagon ya tsargu. Ya sayo koren ƙyalle a wajen wata mai sayar da labule. Bakin hular kuwa daga murfin tsohuwar jakar Audu ya yanko shi, ya goge da baƙin man takalmi har yana ɗaukar ido. Kwana uku yana ɗinki. Ta fito daidai wa daida, ko mai shagon ba zai rantse ba tasa ba ce. Sai dai Malam ya juya ta a hannu, ya ga kanta fili fetal ba ko ɗigon zare. A wajensa hular da ba aiki a kanta ba a gama ta ba, abin kunya ne a ce daga hannunsa ta fito. Ya zare allura ya dasa mata dagi.

Ranar Litinin Audu ya sa rigarsa da gajeren wandonsa da safarsa mai ƙaiƙayi, ya kafa hula, ya tafi. Malamin ajinsu yana tsaye a ƙofa. Ya tsayar da shi, ya cire hular, ya nuna wa yara zanen, ya ce wannan ba hular makarantarmu ba ce.

Inna takan miƙe tsaye a nan, duk da ciwon gwiwarta, ta dafe ƙugu. "Yaya ya ce, launin ajina ne. Na ci jarrabawa ko ban ci ba? Malamin ya ce rufe mini baki. Yaya ya ce, na ci ko ban ci ba?"

Aka yi masa bulala shida, aka jefa hular cikin kwata. Da aka tashi ya shiga kwatar ya ɗauko, ya matse, ya kafa ta a jiƙe, ya bi ta babban titi har gida ruwa na bin wuyansa. Washegari ya koma da ita. Aka sake jefarwa, ya sake ɗaukowa. A rana ta huɗu malamin ya gaji, ya yi kamar bai gani ba.

Mu yara a nan muke so labarin ya ƙare, mu yi tafi. Inna ba ta taɓa yarda ba. Ta ce ba a daɗe ba aka hana hulunan gaba ɗaya, wai suna raba kan yara, aka kawo wata riga ruwan ƙasa da ɗamara da kowane yaro zai sa. Wannan kam ba a yi wa Audu ƙaryar ta ƙare ba, kai tsaye aka ce ba irinsa ake ba wa ba. Daga baya aka aiko da takarda cewa kada ya sake zuwa. Aikin Malam ma ya ƙare. Suka hau jirgin ruwa zuwa Lome, daga can suka gangaro Kano. Audu bai sake shiga aji ba. Ya yi aikin gyaran agogo a bakin kasuwa har ya rasu, tun ba a haife ni ba.

Sai mu ce, "To Inna, wa ya ci? Yaya Audu ko su?"

Ta tono dankali, ta busa, ta jefa wa mai tambayar a cinya. "Ci dankalinka." Ta rufe kwalla, ta ce, "Na rufe. Wanda ya yi gyangyaɗi ya tambayi na kusa da shi." A lokacin ladan ya fara kiran isha.

Akwai wata doka a gidanmu da Inna ta kafa. Duk jikan da ya ci jarrabawa, shi zai sa hular a kansa daga farkon labarin har ƙarshe. Shekarar da na zo ta ɗaya a aji huɗu, na miƙa kai, sai ɗan baffana Ɗanlami ya ce ai hular maza ce. Inna ta dube shi sama da ƙasa.

"Angona, kai na nawa ka zo?"

Ya hau sosa ƙeya.

"Na ashirin da bakwai, ko? To matsa can. Hular nan ba ta tambayi wando ba, takarda ta tambaya."

Ta kafa mini ita a kan ɗankwali. Ina zaune ina ji da kaina, ina shafa dagin da yatsa, sai bakina da ba ya shiru ya ce, "Amma Inna, laifin Malam ne. Da bai yi zanen nan ba, da ba wanda ya gane."

Maficin da ke hannunta ya sauka a kafaɗata kafin in rufe baki. Daga nan ta juya wajen wuta, ta faɗa mana abin da ba ta taɓa faɗa ba, ba ta kuma sake ba. Ta ce Yaya Audu ma haka ya ce. Ranar da aka gama hular ya yi kuka, kuka na gaske, ya riƙe ƙafar Malam yana roƙo a warware zanen, don ya shiga cikin yara ba a gane shi ba. Malam har ya ɗauki reza. Sai ya tsaya, ya kamo haɓar yaron, ya juya fuskarsa wajen madubi.

"Ya ce, to na warware wannan. Wannan fa? Ita ma in warware ta?"

Ban gane ba a lokacin. Ni dai kafaɗata ke zafi, kuma na ƙudurta a raina tsohuwar nan son kai gare ta, ba ta so a taɓa ubanta.

Shekara kusan talatin bayan nan, ga ni a bene na goma sha ɗaya a Guangzhou, ɗana ya kifa kai a kan tebur ya ƙi cin abinci.

Lokacin ba na wasa ba ne. Saboda gasar an tsaurara komai. 'Yan sanda na tare mutane a bakin Canaan suna duba fasfo, kullum sai ka ji wane ya tattara ya tafi. Baban Sadik ya je Kano sabunta biza, wata biyu ke nan ba a ba shi ba. Tawa kuma saura mako shida ta ƙare. Da safe na ba Alhaji Isufu labari, wani dattijo ɗan Maraɗi da muke haɗa kaya a kwantena ɗaya. Ya ajiye kofin shayinsa.

"Hajiya, ki rufa wa kanki asiri. Hula ce fa. 'Yan sandan unguwar nan suna da sunanki, suna da lambar gidanki. Kwana ɗaya ne, yaro ya zauna ya kalla a talabijin, ki saya mishi alawa. Mu baƙi ne, a yanzu ko tari mutum ba ya yi da ƙarfi."

Na ce, "Alhaji, yaron nan a asibitin garin nan aka haife shi. Waƙar nan ya fi su iyawa."

"Na sani. Amma wa ya tambaye ki?"

"Ba wanda ya tambaye ni. Shi ya sa zan faɗa."

Ya girgiza kai ya ce Allah ya shirye ni, matan Kano sai addu'a. Ba zan ɓoye ba, maganarsa ta shige ni. Tsoro na ji. Duk abin da muka tara shekara goma sha ɗaya yana garin nan. Amma da na tuna yaro zaune a bakin gado da jar hula a hannu, sai na ji in na bar Sadik a gida ranar nan, ba zan iya sake buɗe kwallar Inna ba.

Na ari hular wata 'yar ajinsu da ke benenmu, na ce wa uwarta awa biyu kawai. Na kai wa wata tsohuwa mai keken ɗinki a lungun bayan kasuwa, wadda ke yi mini samfur, muna kiranta Ayi. Ta juya hular, ta ja zaren da farce, ta tambaye ni dubu nawa. Na ɗaga yatsa ɗaya. Ta ce dubu ɗaya? Na ce ɗaya tak, ta ɗana ce, a makaranta an ce meyo. Ta dube ni ta saman tabarau, ta furta wata kalma da na tabbata zagi ce, ta ture aikin da ke gabanta. Kafin la'asar ta miƙo mini biyu, ta ce in nuna ta aron. Na kasa.

Sadik da ya gani ya yi tsalle har ya bugi fitila. Ya kafa ta, ya ruga gaban madubi, yana cewa, "Umma, iri ɗaya ce! Ba wanda zai gane!"

Na tsaya a bayansa ina kallonmu a madubin. Jar hula, farar riga, da fuskar nan tasa baƙa sumul irin ta gidanmu. Dariya ta zo mini tare da hawaye. Allah ya jiƙan Inna, ashe maficin nan bashi na ci. Na ce, "Zo nan, ɗan nema. Ba wanda zai gane wa?"

Ba murhu a bene na goma sha ɗaya. Na dafa dankali a kan gas, na bare, na barbaɗa gishiri, muka zauna a ƙasa bayan magariba. Na ba shi labarin tun daga wandon da ke tsayawa da ƙafarsa har zuwa kwata, ban rage masa bulala ko ɗaya ba, ban kuma ɓoye masa takardar kora ba. Da na gama na ɗauko allura da farin zare na ajiye a kan tebur kusa da hular. Na ce ba dole. In ya so ya tafi da ita haka, in ya so ma ya zauna a gida, ba zan yi fushi ba.

Ya kalli allurar. Ya ce, "Za su dake ni?"

"Ba na jin za su dake ka. Amma za su iya cewa ka koma gida a gaban kowa."

"Ke za ki zo?"

"Ina bakin ƙofa."

Ya tura mini hular. "A gaba za ki yi. In a sama ne malama ba za ta gani ba, ta fi ni tsawo kaɗan ne kawai."

A gidanmu maza ke ɗinkin hula, ni ban taɓa koya ba. Dagin da na yi ya fito a karkace, ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, da Malam ya gani da ya yi salatin da ya fi na gajeren wando. Na soki yatsana sau uku. Amma dagi ne, duk wanda ya fito daga inda muka fito zai gane shi.

Ranar da safe na saka fasfo a jaka, na raka shi. Yara sun yi layi a filin makaranta, malama tana bi tana taɓa kawuna tana ƙirgawa. Yarinya ce ƙarama, ba ta fi ƙanwata ta uku ba. Da ta zo kan Sadik hannunta ya tsaya a sama. Ta cire hular, ta juya, ta duba ciki, ta kai yatsa kan zanen. Ta waiwayo ta hango ni a bakin ƙofa, na gyara tsayuwa na harɗe hannu, ko ƙiftawa ban yi ba. Ta yi masa magana a hankali. Na ji muryarsa ta tashi, siririya, har yaran gaba suka juyo. Daga baya ya fassara mini. Ta ce wannan ba cikin na makaranta take ba. Shi kuma ya ce, "Ajin nan nawa ne ko ba nawa ba ne?"

Ta kalli wajen ofishin shugaban makaranta, ta kalli agogo, fuskarta ta yi ja. A nan na gane ita ma tsoro take ji, wataƙila ma ba ita ta yi lissafin arba'in da biyar ɗin ba. Oho dai, wannan tsakaninta da su. Ta mayar masa da hular a ka, ta kama kafaɗarsa, ta kai shi can ƙarshen layi bayan wani dogon yaro.

Awa uku suka yi a rana. Ni ina can baya cikin cunkoso, ban ga komai ba sai bayan kawunan mutane da saman motoci. Da aka watse na same shi zaune a gefen titi, murya ta dishe, riga ta jiƙe sharkaf, tutar ta karye.

Na ce, "Ka ga wutar?"

"Ban gani ba. Wancan dogon ya tare ni." Ya gyara hularsa. "Amma su sun gan ni."

Ba a sabunta mini biza ba a wannan shekarar. Ko hular tana da hannu a ciki, Allah masani. Alhaji Isufu ya rantse tana da shi, sai dai shi ma da ko tari ba ya yi da ƙarfi ba a sabunta tasa ba, jirgi ɗaya muka hau. Na sayar da abin da zai sayu, na bar wa Ayi fankata da tukwanena. Na yi kuka ranar da na rufe ƙofar gidan nan, kuka mai yawa, kuma har yau in na tuna raina yana sosuwa.

Ina yarinya na ɗauka Inna gudun tambayarmu take, don ba ta so ta ce an ci yayanta da yaƙi. Yanzu na san ta fi mu sanin abin da ake ciki. Mai shagon huluna bai kori Audu ba, malamar Sadik ma ba ta kore shi ba. Dukansu cewa suka yi ta ƙare, don yaro ya kori kansa da kansa, gobe a ce ai shi ne bai zo ba. Korar da za a yi maka da baki, ko da takarda mai hatimi, wannan ba ka da iko a kanta, ƙasarsu ce. Amma ba aikinka ba ne ka ɗauke musu nauyin faɗa. Malam ya san hula ba za ta ɓoye ɗansa ba, shi ya sa ya sa mata hannu, don wanda zai jefa ta a kwata ya san ta wa yake jefawa.

Kwallar tana ɗakina yanzu a Kano, huluna biyu ne a ciki, koriya da ja. Jikokin gidanmu sun san dokar, kuma har yau ba a taɓa tambayar wando ba.

A cikin jirgin da ya dawo da mu, bayan gari ya ɓace a ƙarƙashin gajimare, Sadik ya daɗe da goshi a jikin taga, hular na kan cinyarsa. Aka kawo abinci bai taɓa ba. Can ya juyo.

"Umma, to wa ya ci? Mu ko su?"

Na buɗe masa ledar cokali, na tura tiren gabansa. Na ce, "Ci abincinka."